Jinkar Zauren Ɗanmalam

Idan mutum ya bar Kontagora ya kama hanyar Rijau, kafin ya yi nisa akwai wani burtali da ya ratse hagu, ya bi ta cikin gonakin dawa har ya kai Tungan Baushe. Gidajen garin yanzu kusan duk bulo ne da kwano. Gini ɗaya ne ya rage da jinka a tsakiyar gari, wato tsohon zauren gidan Maigari, wanda ake kira zauren Ɗanmalam. Wanda ya fi kowa sanin kan zauren nan shi ne Sati, domin tun yana saurayi shi ke baibaye shi.

Sati gajere ne, siriri, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka saboda ɗaukar gora. Hausarsa tana da sauran ɗanɗanon Kambarci, har yanzu in ya ji zafi da yaren kakanninsa yake cewa wayyo. Ranar Lahadi yana riga kowa zuwa coci, ba don ya fi kowa tsoron Allah ba, inji shi, sai don ya samu gurbi kusa da taga. Da damina yana noman dawa da gyaɗa a gonarsu ta bakin rafi. Da rani kuma baibaya. A zamanin da jinka take da daraja, har daga wajen Kaboji da Tungan Magajiya ana zuwa ɗaukarsa a keke.

Yana da wasu halaye a wurin aiki da kowa ya sani. Ba ya karɓar ciyawar da aka yanka da sauran ɗanye. Sai ya tura hannu cikin damin, ya zaro ta tsakiya, ya sansana, in bai gamsu ba ya ce a mayar rana. Ba ya hawa da takalmi. Kuma in ya hau, ba ya magana. Mutane su tsaya a ƙasa su yi ta yi masa tambaya, ɗaya na neman ranar da zai zo gidansa, wani na tsokanarsa, shi kuwa ko uffan. Sai ya sauko, ya wanke hannu, ya sha ruwa, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ba kowa amsarsa, har da wanda ya manta ya yi tambaya.

Shi kuwa Ɗanmalam da ake kiran zauren da sunansa, kakan kakan Maigari na yanzu ne, kuma babu sunan da ake girmamawa a garin kamar nasa. Musulmi da Kirista duk labari ɗaya suke ba 'ya'yansu. Wai yana da bayi da yawa a rinjinsa, wato ƙauyen da bayinsa ke yi masa noma, ranar nan ya tara su a zauren nan ya ce daga yau babu mai mallakar kowa, wanda ke son komawa garinsu ya tafi. Ya sa aka kai mari, ƙarfen da ake ɗaure ƙafar bayi da shi, wurin maƙeri aka ƙera fartanya da shi. Ya yi haka ne tun kafin wani ya tilasta masa. Baƙo in ya zo garin, zauren ake fara kai shi, a nuna masa dakalin da Ɗanmalam ya zauna. Shi ya sa ko da aka rushe sauran gidan aka yi na siminti, ba a taɓa zauren ba.

Gidan su Sati suna cikin zuriyar waɗanda aka 'yanta a ranar. Kuma tun daga lokacin, baibayar zauren a wuyansu take. Yadda ake yi shi ne, in jinkar ta tsufa, bayan an gama kaka, sai wani daga gidan Maigari ya ɗauko damin shuci guda, wato ciyawar baibaya, ya jingine a ƙofar gidansu ya juya. Ba a cewa komai. Mai gida in ya gani ya san lokaci ya yi. Haka aka yi wa kakansa, haka aka yi wa ubansa. Ba a biya, sai dai a kawo fura da rana, tuwo da yamma, Maigari ya fito ya ce sannu da aiki. Mutanen gari suna ganin abin girma ne. Da yawa sun sha ce wa Sati, ai ku kun ji daɗi, ku kaɗai ke taka kan zauren Ɗanmalam.

Sati yakan ce, "Haka ne."

Amma akwai wani ɓangare na labarin da bai ji a bakin zaure ba. A bakin kakarsa Fure ya ji shi, yana yaro, suna ɓarar gyaɗa a gindin mangwaro. Ita tana wurin ranar da abin ya faru, tana yarinya da ba ta fara ɗaura zane ba. Ba ta ba shi labarin a zama ɗaya ba. Yau ta faɗi kaɗan, ta yi shiru, bayan wata guda ta ƙara wani.

Ta ce shekarar fara ce. Fara ta cinye abin da aka shuka, rumbunan rinji suka zama sai ƙaiƙayi. Da damina ta sake faɗuwa, abinci bai nuna ba, na bara kuma babu, a wannan tsakanin ne Ɗanmalam ya tara su. Ta ce ta tuna an yi guɗa. Ta tuna uwarta ta kama hannunta sun fita ta ƙofar gari, babu guzuri, babu iri, sai ƙwarya ɗaya. Suka nufi duwatsun da aka kamo su. Da suka isa, garin ya zama kango, ƙirya ta fito a tsakar gidajen. Suka ci tafasa, suka ci saiwar da ba su san sunanta ba. Da suka ga babu wurin zama, suka juyo. Fure ta dawo Tungan Baushe a bayan wani ƙanen ubanta. Uwarta ba ta dawo ba, haka ma jaririn da ke bayanta.

Ta kuma ce, da suka dawo Ɗanmalam bai mayar da su bayi ba, alhali da ya so babu mai hana shi. Ya yanka musu gonaki a bakin rafi. Da wasu mutane suka zo a kan dawakai suna cewa bayin da ba su da ubangiji na wanda ya tsinta ne, shi ya fito ƙofar zaure ya tsaya, ya ce waɗannan mutanena ne, ba bayi ba ne, suka juya. Bayan nan ne aka ɗora wa kowane gida wani ɗan aiki na gidan Maigari. Wasu itace, wasu ɗebo ruwa, wasu yaɓen katanga. Nasu gidan baibaya. Sauran ayyukan duk sun mutu a hankali, da aka samu famfo da bulo da gawayin sayarwa. Baibaya ce kaɗai ta rage.

Fure ba ta taɓa zagin Ɗanmalam ba. In an ambace shi aka ce Allah ya jiƙansa, takan ce amin tare da kowa. Sai dai takan ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Da waɗanda ba su dawo ba."

Sati ya riƙe wannan a ransa shekara da shekaru. Bai faɗa wa kowa ba sai matarsa Marta, daga baya kuma ɗansu John, da ya ga ya yi hankali.

John makanikin babur ne, yana da rumfa kusa da tashar mota a Kontagora. Yaro ne mai hannu, mai saurin fushi kuma. A shekarar da nake magana, gwiwar Sati ta riga ta fara ba shi wahala, in ya durƙusa sai ya dafa wani abu zai miƙe. Kowa a garin ya san wannan ce baibayarsa ta ƙarshe, kowa kuma ya ɗauka John ne zai gada. Babu wanda ya tambayi John.

Da aka jingine damin a ƙofarsu, labari ya riga John isa gida. Wani ɗan garinsu mai acaba, Nazifi, ya kawo babur gyara, ya ce masa a gaban jama'a, "Kai bawan Maigari, an ajiye maka ciyawa a ƙofa, sai ka rufe rumfa ka je ka hau." Wasa yake yi, sun saba. Aka yi dariya. John ma ya yi dariya, ya gama gyaran, sannan ya hau nasa babur ɗin ya taho gida da rana tsaka.

Ya tarar da ubansa yana jiƙa igiyar rama a kwatarniya.

"Baba, wannan ciyawar ta ƙofa, wa ya kawo ta?"

"Ban gan shi ba. Ina gona."

"Mama, ya yi sallama?"

Marta tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Ni dai na fito na gan ta."

"To ko tsani za ka ara a gidan mutum, ai ka yi sallama. Mu sai a jingine mana ciyawa kamar an kawo wa jaki?"

"Ka rage murya," inji Marta. "Katangar nan gajera ce."

"A ji mana! Kullum ana cewa ya 'yanta mu, ya 'yanta mu. Ya ga ba zai iya ciyar da su ba ne ya kore su. Kai ka faɗa mini da bakinka, Baba."

"Ban ce ya kore su ba."

"Me ka ce?"

"Na ce shekarar fara ce."

"Ai shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba," inji Sati. Ya juya igiyar a ruwa. "Gonar da ta biya maka makaranta, wa ya yanka ta?"

"Mun biya ta da baibaya tun kafin a haife ka. Ni dai ba zan hau ba. Kai ma da wannan gwiwar, in ka faɗo, sannu da aiki za su ce."

Da ya tafi, Marta ta ajiye rariya. Ta ce, "Baban John, ka san yaron nan ba zai canza magana ba. In kai ka sauka shi bai hau ba, sunanmu butulu a garin nan. Ni ce zan je famfo, ni ce zan je inji, ni za a kalla. Gonar nan kuma da baki aka ba da ita."

Sati ya ci gaba da juya igiyar a ruwa. Abin da ke gabansa ya san shi sarai. In ya matsa wa John ya hau, ya ɗora wa jikokinsa abin da ba a taɓa tambayarsu ba. In ya bar abin ya yanke da fushi, ya bar wa iyalinsa gaba da gidan da suka yi zaman lafiya da shi tun zamanin Fure. Damin ya yi kwanaki a ƙofa, kaji suna tone gindinsa.

Ranar wata Asabar da hantsi ya sa hularsa ya tafi gidan Maigari.

Maigari Abba sa'ansa ne. Tare suka yi kiwon awaki, tare suka sha duka a kan satar rake. Mutum ne mai ƙiba, mai son dariya, ba shi da mugunta. Sati ya same shi a cikin zauren shi kaɗai yana jin rediyo. Ya cire takalmi, ya rusuna iyakar abin da gwiwa ta yarda.

"Ranka ya daɗe."

"A'a, Sarkin Jinka! Zauna, zauna, kada ka karye a gabana a ce ni ne. Na ɗauka ka manta da mu. Dubi can, in na kwanta ina ganin sama."

"Ai kana ganin hanyarka ke nan."

"Kai za ka riga ni, tsohon banza."

Suka yi dariya. Suka gaisa, suka tambayi iyali da amfanin gona. Sannan Sati ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon jinkar daga ciki, gorar da ya ɗaura da hannunsa, wasu ma na ubansa ne.

"Bana zan hau," ya ce. "Daga bana kuma na gama."

"Allah ya saka. Ai John ya girma."

"John ba a tambaye shi ba."

Maigari ya rage muryar rediyo. "Kai an tambaye ka?"

"A'a."

Wata akuya ta leƙo zauren ta koma.

"Sati, in wani ya faɗa maka magana ne, ka gaya mini."

"Babu wanda ya faɗa mini. Abba, ka taɓa jin a wace shekara aka yi abin nan da ake faɗa a zauren nan?"

Maigari ya gyara zama. Ya ce ya ji. Ya ce shi ma yana da kaka, ita ma ta ba shi nata labarin. 'Yan'uwan Ɗanmalam sun so a kai bayin kudu a sayar a sayo hatsi, kamar yadda wasu suka yi, ya ƙi. Har ya mutu ƙannensa biyu ba su ƙara shiga gidansa ba. "Kuma shi kansa tafasa ya ci shekarar nan, shi da matansa. Ba ɓoye hatsi ya yi ba."

"Na yarda," inji Sati. "A gida ya ci."

Sati ya ba shi labarin uwar Fure, a taƙaice, ba tare da ya ɗaga murya ba. Maigari bai taɓa ji ba. A gidansu an san waɗanda suka dawo, har da sunayen gidajensu. Babu wanda ya taɓa lissafa waɗanda suka fita.

"To me kake so in yi? In ce wa mutane kakana mugu ne?"

"Ban ce mugu ne ba. Da mugu ne, da yanzu ina can kudu ina wani yare."

"To a sa kwano kawai kowa ya huta. Yaran nan sun daɗe suna damuna."

"In ka sa kwano, zafi zai kore ka, ka daina zama a nan. In ka daina zama, za a zuba buhunan taki a ciki. Shi ke nan an manta da shi, an manta da su."

"To?"

"A yi gayya. A faɗa a masallaci, a faɗa a coci. Wanda ya ga dama ya zo. 'Ya'yanka ma su zo."

"'Ya'yana a kan jinka?" Maigari ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. "Ka san abin da za a ce. A ce gidan Ɗanmalam ya rasa mai yi masa aiki."

"Za a ce."

"Bari in yi tunani."

Ya yi tunanin har Marta ta fara cewa an yi fushi da su. Sai ga shi ranar Juma'a liman ya faɗa bayan salla, ranar Lahadi kuma fasto ya maimaita. Akwai waɗanda suka yi gunaguni. Wani dattijo a gidan Maigari ya ce abin da aka gada ba a canza shi don gwiwar mutum ɗaya.

Ranar gayyar ba a cika ba. Waɗanda suka zo ba su fi a zaunar da su a tabarma biyu ba, rabinsu kuma kallo ya kawo su. Amma an samu masu sauke tsohon bunu, an samu masu miƙa ciyawa. Daga gidan Maigari, ɗansa Lukuman ya fito, wanda ke sayar da maganin feshi a kasuwa. Ya naɗe wando ya hau tsani, ana ta yi masa tsiya daga ƙasa. "Lukuman, riƙe da kyau, ƙasa ba ta san ɗan Maigari ba!" John bai zo ba.

Aiki ya tafi har aka kai ƙololuwa. Nan ne wuyar baibaya take, inda ciyawar kowane gefe ke haɗuwa. In ɗaurin wurin bai yi ba, duk kyan sauran banza ne, ruwa zai bi ta tsakiya ya sauka. Gidan su Sati suna da yadda suke murɗa shi su tusa bakin a ciki, kuma ba su taɓa nuna wa kowa ba sai ɗa. Ko da yaushe in an kai nan, mai baibaya yakan sallami masu taimako ya ƙarasa shi kaɗai. Lukuman ya san haka, ya fara ja da baya zai sauka.

Sai aka ji muryar Sati daga sama. Waɗanda ke ƙasa suka ɗaga kai, domin ba su taɓa jin ta daga can ba.

"Dawo. Kawo hannunka."

Ya nuna masa. Lukuman ya ɗaura, Sati ya kwance. Ya sake ɗaurawa, ya sake kwancewa. Sai da rana ta karkata sannan ya bar wani ɗaurin ya zauna. Da suka sauko, Maigari ya ce sannu da aiki, ya faɗa wa Sati, ya juya ya faɗa wa ɗansa, ya bi sauran ɗaya-ɗaya.

Marta ba ta ji daɗi ba. Ta ce abu ɗaya da gidan nan yake da shi wanda babu a ko'ina, ka ɗauka ka kai gidan da suka fi kowa komai. Sati ya ce yanzu ai suna da mai yi musu.

John ya zo bayan kwana biyu. Ya kafe babur, ya gaida uwarsa, ya daɗe yana zagaye a tsakar gida kafin ya zo inda ubansa ke zaune yana shafa man kaɗanya a gwiwa.

"Baba, an ce ka koya wa Lukuman ɗaurin ƙololuwa."

"Na koya masa."

"Ɗaurin gidanmu."

"Ka ce ba za ka hau ba."

"Zauren na ce ba zan hau ba."

Sati ya ci gaba da shafa mai. John ya jawo turmi ya kifa ya zauna.

"To shi Ɗanmalam ɗin, a wurinka, mutumin kirki ne ko kuwa?"

"Ni ban gan shi ba. Wadda ta gan shi ta yi masa addu'a har ta mutu, kuma ba ta taɓa sa wa ɗa sunansa ba."

John ya ɗaga kai ya kalli ɗakin girkin uwarsa, wanda shi kaɗai ya rage da jinka a gidan, ya yi baƙi da hayaƙi, gefe ɗaya ya lotsa.

"Wancan ba zai kai damina ba."

"Ba zai kai ba."

"In na samo ciyawa ranar Asabar, za ka iya nuna mini daga ƙasa?"

"Daga ƙasa ba ya koyuwa," inji Sati. "Ka samo tsani mai kyau. Kuma kada ka kawo mini ɗanya."